Ruwan Randa a Bulumbotin Haliru

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayenshi da sahabbanshi.

Bayan haka, gaisuwa gare ki, ke da kike kirana Adda, da fatan wagga takarda ta ishe ki kin sauka Goronyo lahiya, ke da angona Haliru. Allah Shi tsare ku bisa hanya, Shi tsare ku cikin gidan da za ku shiga, Shi ƙara ma yaron ƙarfi a ƙashi da tsoka. Ki gaishe da mijinki. Ki gaishe da uwarshi Hajiya Kulu gaisuwar girmamawa, ki durƙusa mata yadda kinka saba, komi nauyin abin da za ki karanta a nan.

Ba ni da labarin gida da zan ba ki, tunda daga gidan kinka hito. Laifi gare ni, da shi zan fara.

Ni ce nis sa ma Haliru ciwon da yak kai shi asibiti.

Kin san yaron bakwaini ne, bai da ƙarfin kama mama, shi ya sa kike tatsa ki ba shi a bulumboti. Shi ya sa kuma mijinki yaz zo muna daga Sakkwato da akwatin lantarkin nan da ake ce ma maikurowef, tare da kwanon roba mai murfi wanda ake jera kayan shan yaro a ciki, a zuba ruwa kaɗan, a rufe, tururi shi kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu. Tun da kinka zo wankan gida kike wannan aiki ba fashi. In kin turara kayan, kin tatsa, sai ki shiga wankan jego ki bar mani in ba shi. Ni kuwa, da na ji ƙarar ruwa a banɗaki, sai in buɗe kwanon, in ɗauki bulumbotin in nufi bakin randa. In ɗebo ruwa da moɗa, in yi bismilla, in ɗauraye shi ciki da baya har da robar bakin, in goge da gefen mayafin sallata, sannan in zuba nonon. Ba sau ɗaya niy yi haka ba, ba sau biyu ba. Kuma a makon da famfon unguwarmu yal lalace, 'yan ga-ruwa daga babbar magudanar da ke kai ruwa fadama suke cika muna randa. Na sani. Ni ke karɓar ruwan da hannuna.

A asibiti na ɗauki alwashi tsakanina da Allah, cewa in Ya tashi kafaɗun yaron nan, zan tahi da ƙafata gaban Hajiya Kulu da matan gidanta in faɗi wagga magana da bakina. Zan gaya maki inda alwashin yak kwana, amma sai kin ji abin da ke gabanshi.

Kada ki ce rashin sani ne yas sa ni. Da rashin sani ne da abin ya zo mani da sauƙi. Sani ne yak kai ni, sanin da nir riƙe rabinshi nib bar rabi.

Ina yarinya anka saki ruwa karo na farko cikin magudanar nan. Manoman albasa da tafarnuwa sunka zo zauren mahaifina, kakanki, ɗauke da ƙwarya cike da shi. Ina bayan ƙofar zaure ina jinsu. Babbansu yac ce, "Allah Shi gafarta Malam, ga ruwan gwamnati ya iso gonakinmu. In azahar ta ishe mu can, ya halatta mu yi alwala da shi?" Malam yak karɓi ƙwaryar, yad duba, yas sansana, yas sa a harshe. Yac ce, "Launinshi bai sake ba, warinshi bai sake ba, ɗanɗanonshi bai sake ba. Mai tsarki ne, kuma shina tsarkakewa. Ku yi alwalarku." Wagga magana ta zauna mani cikin kai kamar an kafa ta da ƙusa. Da ita nit tashi, da ita niy yi aure, da ita nake karantar da matan unguwa babin tsarki a tsakar gidana har suke ce mani Malama.

Sai da niz zauna bakin gadon Haliru, ina kallon robar ƙarin ruwa a hannunshi, sannan sauran zancen yad dawo mani. Wani cikin manoman ya ƙara tambaya a ranar. Yac ce, "To Malam, a sha?" Malam yam miƙa mashi ƙwaryarshi, yac ce, "Wannan ba ni za ka tambaya ba. Abin da nik karanta shi nif faɗa maka." Mahaifina ya san inda iliminshi yat tsaya, yat tsaya nan. Ni ɗiyarshi na ɗauki amsar tambaya guda na shimfiɗa ta bisa duk ruwan duniya.

Ke ma kin faɗa mani, tun ranar farko da anka kunna akwatin. Na leƙa kwanon bayan kin buɗe, nig ga ɗigo-ɗigon ruwa a jikin roba, nim miƙa hannu zan ɗauka in kai randa.

Kinka ce, "Adda, in an turara ba a ƙara sa mashi ruwa."

Nic ce, "To mi anka wanke? Ni zufa kawai nake gani."

"Na wanke da sabulu tun kafin in sa. Tururin shi ne na ƙarshe."

"Tururi ba ruwa ba ne, hayaƙin ruwa ne. Da hayaƙi kike alwala?"

Kinka yi dariya, kina riƙe da cikinki saboda ɗinkin tiyata, kinka ce, "Haba Adda, bulumboti ba sallah za shi yi ba."

Kin ɗauka na yarda. Ban yarda ba. Na ji dariyar nan kamar an taka mani littafi. Nic ce a raina, yarinyar da nik koya ma wankin hannu yau ita ke gyara mani babin ruwa. Tun daga ranar niƙ ƙudurta ba za a sa ma jikana abin da ruwa bai gudana bisanshi ba, kuma na ɗauki hakan ibada. Na tambayi kaina tun daga lokacin, mi nike karewa in na tsaya bakin randa: yaron, ko matsayina? Na juya tambayar ta kowane gefe, amsar ba ta yi mani daɗi ba ko sau ɗaya.

Don haka ga nasihata ta farko, kuma ita ce uwar sauran. Tsarki daban, tsabta daban. Tsarki shi ne abin da bawa ke buƙata don shi tsaya gaban Ubangijinshi, kuma Allah Ya sauƙaƙa shi, har da ƙasa ake yinshi in ruwa ya yi wuya. Abin da cikin bakwaini ke iya ɗauka wani babi ne, kuma ba ido ke gane shi ba, ba hanci ba, ba harshe ba. Ruwan randata a ranar garau shike, na yi alwala da shi, sallata ta yi. Shi ne kuma yak kusa kashe mani jika. Duka biyun gaskiya ne. Duk wanda yaz zo maki da ɗayan don shi rushe ɗayan, kada ki bi shi, ko da rawani shike, ko da ni ce.

Abin da ke ƙara ba ni kunya shi ne na san tururi tun kafin a haihe ki. Garin da ake sawa a madambaci ruwa bai taɓa shi, amma da an buɗe sai a ishe dambu ya dahu har tsakiya. Da hannuna nake yin wannan tun ina budurwa. Na yarda tururi shina dafa tsaki, niƙ ƙi yarda shina iya kashe abin da ke jikin roba, don kawai madambacin na roba ne kuma daga Sakkwato anka zo da shi.

Kin san yadda ciwon yaz zo, ba sai na tsawaita ba. Gudawa da amai, maɗigarshi ta faɗa, kukan ma ya daina hita. Munka kai shi asibiti, anka sa mashi ruwa. Hajiya Kulu taz zo daga Goronyo da ƙanwarta. Muna tsaitsaye gefen gado wata nas tat tambaye ki, "Wane ruwa ke taɓa kayan shan yaron?"

Kinka ce, "Babu, Sista. Turarawa nake yi, kuma ba ni buɗewa sai zan ba shi."

Tac ce, "To ta wani wuri dai abin yash shiga."

Ina tsaye, hannuna bisa ƙarfen gado. Na san wurin. Na san moɗar, na san randar.

Da nas ɗin tah hita, Hajiya Kulu tag gyara mayafi tac ce, "Ai na faɗa tun farko. Jinjiri ana gasa mashi kwalba cikin akwatin wuta, mi ake jira? Mu da munka haihu munka yaye ba mu san roba ba, ga 'ya'yanmu nan garada. In an sallame ku, wagga na'ura ba ta shiga gidana. A wanke da ruwa kamar yadda kowa ke yi." Sannan taj juyo gare ni. "Ko ba haka ba, Malama? Ke ce mai karatu."

Kinka ɗago kai kinka dube ni. Ba ki taɓa dubana haka ba tun kina ƙarama.

Nic ce, "Allah dai Shi ba shi lahiya."

Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya hi na farko muni, don na farko na yi shi ina zaton alheri, na biyu kuwa na yi shi idona buɗe. Na bar ki da zargi bisa kai, ke da ɗinki a ciki da yaro a gadon asibiti. Na bar Hajiya Kulu ta yanke hukuncin da zai maida Haliru ga ruwan randa a Goronyo, inda ruwan ma daga bakin madatsa ake ɗebo shi in famfo ya ɗauke.

Na samo ma kaina uzuri a take, kuma uzuri ne mai kyawun gani. Ke ɗiyar fari ce. Tun da anka haihe ki ban kira sunanki ba, ban ɗauke ki gaban mutane ba, ban yabe ki ba. Kin tashi kina ce mani Adda kamar ni yayarki ce. Haka anka yi mani, haka niy yi maki, kuma kowa ya yaba da kunyata. To ina za ni buɗe baki gaban surukai in kare ɗiyar fari? Haka nig gaya ma kaina. Amma da nik koma gefe niy yi ma zuciyata hisabi, sai nig ga ba kunyarki ce tar rufe mani baki ba. Tsoro ne kada a ji a garinmu Wurno cewa Malama mai babin tsarki ita taz zuba ma jikanta ƙazanta da bismilla. Al'ada na jawo nil lulluɓa da ita. Bayan la'asar ɗin ranar, a barandar asibiti bisa tabarmar sallah, niɗ ɗauki alwashin da nig gaya maki.

Nasihata a nan ita ce, kunya ado ce ga mace har zuwa inda rai yash shigo. Daga nan ta zama wani abu. Za ki shiga gidan da ke ce ƙarama, kuma za a gwada ki, ba don ƙiyayya ba. Hajiya Kulu tana son yaron nan kamar yadda nake sonshi, kuma kin ga abin da sona yay yi mashi. Wata za ta ce kawo in ɗauraye maki. Wata za ta sa robar a bakinta ta tsotsa don ta ga ko ta toshe. Wata za ta ɗauki bulumbotin da yaf faɗi ƙasa ta goge da zane ta maida mashi. Ki sassauta murya, ki kira kowa da sunan girmanta, ki ce, "Inna, bari in sake turarawa." In an ce kina da iyayi, ki amsa iyayin. In an ce kin raina manya, ki durƙusa ki ba da haƙuri, amma bulumbotin shina hannunki. Ana iya durƙusawa ba a saki abin da ke hannu ba. Ni ban koya maki wannan ba, yanzu nake koya maki.

Bayan an sallame ku na ce ki nuna mani aikin tun daga farko, kinka yi mamaki, kinka nuna. Ba ki san dalili ba. Ina so in san abin da nir rushe ne. Zan maimaita maki shi a nan, ba don ba ki sani ba, sai don ranar da gajiya za ta ce maki tsallake wani wuri, ko ranar da za ki bar ma wata aikin.

Tururi bai wanke madara. Abin da yam maƙale a gindin bulumboti ko cikin robar baki, in ba a cire shi da sabulu da buroshi ba, zai shiga akwatin da ƙazantarshi shi hito da ita. Ki warware komi, murfi daban, zobe daban, roba daban, haka ma kayan tatsa, ki wanke, ki ɗauraye, sannan ki jera su baki na kallon ƙasa don tururin shi shiga ciki. Ɗaurayar da nake so ina da wurinta ashe, kafin turarawa take, ni kuwa na kai ta baya. Ruwan da za ki zuba a kwanon, ki auna shi yadda takardar da taz zo da shi tac ce, kada ki yi awon ido irin na miya. In ya yi kaɗan kwanon zai bushe roba ta narke, kuma kada ki taɓa kunna shi babu ruwa. Lokacin ma ki bi takardar, don an ce akwatunan ba ƙarfinsu ɗaya ba. In na gidanku ya lalace kunka ari wani, ki sake dubawa. Ƙarfe bai shiga, ko cokali ne, kuma ba kowace roba ke jure wanga zafi ba, kada ki sa wadda ba don shi anka yi ta ba.

Kin ga tabon da ke wuyan hannuna, kinka tambaya, nic ce girki ne. Girki ne, amma na kwanon nan. Ranar da nif fara yi da kaina, akwatin na yin ƙara nij jawo kwanon nib buɗe, don ban saba jiran abu ba in na ga ya gama. Tururin yad daki hannuna, Allah Ya sa ba fuska ba. Ki bar shi shi huce kafin ki taɓa, kuma in za ki buɗe ki karkata murfin can gaba, nesa da ke, nesa da yaron. Kada ki yi wanga aiki da goyo a gaba.

In kin buɗe, hannunki shi zama wankakke da sabulu, ki ɗauki robar bakin da ɗan hantsakin da ke ciki. Ɗigon ruwan da za ki gani, wanda nic ce ma zufa, ya hi duk ruwan da ke gidan tsabta. Ki kakkaɓe shi in kina so, amma kada ki goge. Mayafin sallata da nake gogawa da shi mai tsarki ne, ba najasa a jikinshi, amma da shi nake share fuska, da shi nake zama bisa tabarma. In ba yanzu za ki ba yaron ba, ki bar kwanon a rufe. Kuma nonon kanshi kada ki ɗumama shi cikin akwatin, nas ɗin ta ce shina zafi wuri-wuri, a taɓa a ji ɗumi alhali tsakiya na ƙuna. Ki tsoma bulumbotin cikin ruwan ɗumi, ki gwada a bayan hannunki.

Wuta za ta ɗauke, janareto zai ƙi tashi ko fetur shi ƙare, kuma a ranar ne za a ce maki, to yau ina akwatin naki? Kada ki tsaya gardama. Ki ware tukunya guda mai murfi wadda ba ta san miya ba, ki nutsar da kayan duka cikin ruwa, kada wani shi yi iyo da iska a ciki, ki rufe ki bar su su tafasa sosai kamar yadda anka nuna maki a asibiti. Ba akwatin nake so ki riƙe da haƙora ba. Abin da akwatin ke yi nake so ki riƙe, ko da itace ne.

Matan da nake karantarwa ma na gyara masu. Ban canza harafi guda daga abin da mahaifina yaf faɗa ba, launi da wari da ɗanɗano suna nan inda suke. Na ƙara masu rabin da nim manta ne kawai. Wata tac ce, "Malama, wannan a wane littafi shike?" Nic ce, "Ba shi cikin littafi. A asibiti nik karanta shi." Wasu sun ji daɗi, wasu sun daina zuwa. Ban aika a kira su ba.

Ina roƙon ki gafara bisa laifin biyu, kuma ba na gaggauta ki. In kin ga dama ki yi shiru da ni har yaron shi yi ƙwari, ba zan ce kin yi rashin ladabi ba. In kun zo ganin gida kuma kinka gan ni kusa da kayan shanshi, ki dube ni da idon da kike duban kowa. Tsufa bai cire hali a rana guda.

Allah Shi raya Haliru bisa imani, Shi ba shi ƙarfin kama mama har ku aje bulumbotin don kanku. Allah Shi warkar da ɗinkinki, Shi yalwata nononki, Shi sanya natsuwa tsakaninki da mijinki, Shi sanya tausayi tsakaninki da uwarshi. Allah Shi tsare ku daga sharrin ruwa da wuta, da sharrin maƙiyi, da sharrin masoyin da ke ganin ya sani. Amin.

Saura maganar alwashi.

Ranar kasuwar da taw wuce na ce maki zan tahi unguwa, kinka ce a dawo lahiya. Ban yi ƙarya ba, unguwar ce ke da nisa. Na cire moɗar daga bakin randa nis sa ta cikin jaka, nih hau mota zuwa Goronyo. Na ishe Hajiya Kulu a rumfa da ƙanwarta da matan maƙwabta, suna ɓarar tafarnuwa bisa faifai.

Tac ce, "Malama! Da rana tsaka haka, ba aike? Lahiya yaron?"

Nic ce, "Lahiya lau shike, Hajiya. Ni ce ba lahiya ba."

Anka shimfiɗa mani tabarma, anka kawo ruwa. Bayan gaisuwa niz zaro moɗar nis sa ta tsakiyar rumfa, gefen faifan. Nic ce, "Ga abin da yak kwantar da jikanki. Ba akwati ba ne, ba roba ba ce, ba uwar yaron ba ce." Nif faɗa masu komi kamar yadda nir rubuta maki, ban rage ba, har da mayafin sallah, har da amsar da nib ba ta a asibiti.

Hannuwa sunka tsaya bisa tafarnuwa. Wata tsohuwa tac ce, "Haba Malama, ki daina ɗora ma kanki. Ƙaddara ce."

Nic ce, "Ƙaddara ce, Inna, na yi imani da ita. Amma hannuna ne yar riƙe moɗar."

Hajiya Kulu tad dube ni. Tac ce, "Daga Wurno kinka taso don ki wanke ɗiyar fari gaban surukanta? Malama, ina kunya?"

Nic ce, "Na baro ta gida, Hajiya. Na riƙe ta a asibiti, kin ga abin da tay yi."

Tad dubi kwanon ruwan da anka kawo mani, tac ce, "To yanzu ruwan da muke alwala da shi ƙazanta ne ke nan? Sallolinmu duk sun tashi?"

"Mai tsarki ne. Ki yi alwalarki, sallarki ta yi. Amma bulumboti ba sallah za shi yi ba."

Ƙanwarta ce taf fara tuntsirewa, sauran sunka bi. Hajiya Kulu ba ta yi dariya ba, amma na ga ta kama gefen baki da mayafi. Wata tac ce, "Kai, Malama da magana!"

Nic ce, "Ba maganata ba ce. Ta ɗiyata ce." Kuma nik kira sunanki. Da ƙarfi nik kira shi, gaban uwar mijinki da matan unguwarta, har sai da tsohuwar nan tas sa hannu a baki. Ban san haka sunan shike da nauyi a harshe ba.

Ba zan ce maki Hajiya Kulu ta yarda da ni ba, don ba ta faɗi haka ba. Ta ci gaba da ɓarar tafarnuwarta har na yi zaton ta gama da ni. Sai da nim miƙe zan yi sallama tac ce, ba ta ɗago kai ba, "A ɗakinta za ta aje akwatin, ba a rumfata ba. Ba ni son ƙararshi." Nic ce na gode. Tac ce in ɗauke moɗata, nic ce ta aje ta inda ido ke gani. Za ki ishe ta can. In kin ga an maida ta bakin randa, ba laifi, moɗa ce, aikinta ke nan. Ke dai ki san abin da ba ta taɓawa.

Alwashin da niɗ ɗauka a barandar asibiti, na cika shi, Saudatu.